Goron Sa Ranar da Na Kasa Ci

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Balaraba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Umma, bayan rasuwarki ni aka ba kujerarki a kwamitin amintattu. Ƙungiyar da kika kafa a falonmu na unguwar Highbridge tana nan, muna tallafa wa gidajen da ciwon da ya ɗauke mana ƙanena Nuhu ya shiga, ciwon da likitoci da yawa ma ba su taɓa gani ba. Mu ke yanke wanda za a saya wa keken guragu, mu ke nema wa iyaye tafinta a asibiti. Wannan duk mai sauƙi ne.

Ina tuna ki goye da Nuhu kina hawa tudun layinmu, ya yi girman da ƙafafunsa ke dukan gwiwarki, maƙwabta suna raɗa wai jifa ne. Shi ya sa iyaye ke ɓoyewa. Mu kaɗai suke faɗa wa gaskiya, don kin yi musu alkawari. "Abin da aka faɗa a falon nan, a nan zai mutu," haka kike cewa, kina nuna mu da ludayin miya.

Ranar Juma'a aka kawo mini goron sa rana. Ba zan kira suna ba. Yaran suna son juna, so mai kyau, kowa sai sa albarka yake. Amma na san gidajen biyu, Umma. Yayan amarya ya rasu tana rarrafe, aka ce mata zazzaɓi ne. Ƙanwar ango an ce tana Kumasi wurin kaka, alhali tana gidan jinya, ta daina magana. Ciwo ɗaya ne, irin na Nuhu. Likita ya gaya miki sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi a jini yake bayyana a jikin ɗa. Ko yaran nan suna ɗauke da shi, gwaji ne kawai zai nuna.

Na kai maganar gaban kwamiti. Shugabanmu, Alhajin nan mai jan tasi a filin jirgin sama na JFK, ya ce lauya ya gargaɗe mu kada mu fitar da sirrin kowa, kuma ranar da sirri ɗaya ya fita, babu uwar da za ta sake taka mana ƙofa. Gaskiyarsa. Yana gama magana ya ɓare nasa goron, ina jin ƙarar taunarsa.

Na je wa uwar amarya da uwar ango ɗaya bayan ɗaya, na roƙi a yi gwaji kafin aure, ban faɗi dalili ba. Kowacce ta kwantar mini da hankali, wai ai surukansu jininsu lafiya lau, don me za a tona wa kai asiri? Kowane gida ya jingina da lafiyar ɗayan. Tsoro ya kama ni, Umma, har yau bai sake ni ba.

Jiya amaryar ta kawo mini ankon biki. Tana dariya ta ce sun gama shawara da angon, in Allah Ya ba su namiji, Nuhu za su sa masa don su faranta mini.

Goron yana firij, naɗe cikin jiƙaƙƙiyar takarda. In na ci, na zama shaida. Bayan Babbar Sallah za a ɗaura auren.

Gobe zan koma wurin matan nan, in durƙusa in nemi izinin faɗa. In sun hana, ban san wace ce zan zama ba, 'yarki mai riƙe amana ko yayar Nuhu. Kin koya mini yin shiru, Ummana, ba ki gaya mini abin yi ba idan shirun zai ɗora wa wata uwar goyon da kika yi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Nuhu, Ya tausasa zukatan matan nan kafin Sallah.

Taki har kullum,
Rakiya