Hagun Kawu Tana Cikin Kowane Inji

Malama Zubaida, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin ya fi ƙarfin kaina, kuma babu wanda zan iya faɗa wa a gida.

Ni mace ce, na karanta zayyana kayan masana'antu. Mu ne muke zana yadda inji zai kasance kafin a ƙera shi, da yadda zai zauna a hannun mai aiki da shi. Kawuna Muhammadu Lawal ne ya tsaya mini na yi karatun, lokacin da dangi suke cewa me ya haɗa mace da ƙarfe. Yana da wurin ƙira a nan Kazaure, kuma shi ya fito da injin ɓarar gyaɗar nan da manoman Roni da Gwiwa har Babura suke kira Ɗan Lawal. Mutanen Nijar ma suna tsallakowa su saya. Bara Allah ya yi masa rasuwa, sai matarsa Inna Shatu ta ce ni zan riƙe wurin.

Kwanaki na je Gwiwa duba wani injinmu da aka ce yana kuka. Matar gidan ta kunna mini shi. Da za ta kashe, sai na ga ta miƙa hannun dama ta tsallake bel ɗin da ke juya injin yana gudu, don ta kai ga mariƙin kashewa. Bakin hijabinta ya shafi bel ɗin, ya yi fat, ya sake ta. Ta yi dariya ta ci gaba da hirarta. Ni kuwa na tsaya ina tambayar kaina me ya sa mariƙin yake bayan bel.

A bayan babur, muna hanyar dawowa, na gane dalili. Kawu bahago ne. Malama, wallahi ban taɓa furta kalmar nan a kansa ba sai yau. An sha dukansa a kan hagun yana yaro har ya koyi ci da rubutu da dama, kuma a gidanmu ba a ambatonta. Amma a wurin aiki da hagu yake riƙe guduma. Shi idan ya tsaya gaban injin, hagunsa kan mariƙin take sauka kai tsaye. Mai dama kuwa dole ya bi ta kan bel. Da jikinsa ya auna injin, kuma duk wanda muka ƙera har yau daga ma'aunansa muke yankawa, ga su can rataye a bango da rubutunsa a jiki.

Na samu Sama'ilu, babban mai waldarmu, wanda ya girma a hannun Kawu, na faɗa masa abin da na gani. Ya saurare ni har na gama. Ya ce duk tsawon shekarun nan ko yatsa babu wanda ya rasa, kuma ba a faɗin aibin mamaci, kuma in na matsar da mariƙin nan to ba Ɗan Lawal ba ne, in nemi wani ya yi waldar. Shi ba mai taurin kai ba ne, son Kawu yake.

Tun daga ranar ban da sukuni. Duk injin da na kalla, hannun Kawu nake gani a kan mariƙin, hagun nan tasa mai tabon walda. Ko salla nake yi, fat ɗin hijabin nan nake ji. Baƙuwar lamba ta kira ni, sai in ɗauka labarin rauni ne. Kujerarsa ma na daina zama a kai. Sababbin injuna suna nan a tsaye, na hana a fitar, na ce fenti bai bushe ba, kuma wannan uzurin ya kusa ƙarewa. Ga gyaɗa ta kusa shigowa.

In na kira masu injuna, dole in faɗi dalili, a ce yarinyar da ya rena ta tona masa asiri bayan ƙasa ta rufe shi. Da wane ido zan kalli Inna Shatu? In kuma na yi shiru, ina tsoron ranar da bel ɗin ba zai saki ba. Yaya zan yi?

Mai Zane, Kazaure

'Yata Mai Zane, sannu da ɗaukar wannan nauyi ke kaɗai. Allah ya jiƙan kawunki.

Sama'ilu yana da hujja, kada ki raina ta. Mutunta mamaci tarbiyyarmu ce, kuma mutumin nan bai gama jimamin maigidansa ba. Sai dai an hana mu faɗin aibin mamaci ne, kuma zama bahago ba aibi ba ne, halittar Allah ce. Kawunki bai ha'inci kowa ba. Ya ƙera abin da ya dace da hannunsa, sannan ya tura ki makaranta ki koyi auna hannun sauran mutane. Batun cewa ba a taɓa samun rauni ba kuwa, Allah ne ya tsare, kuma ke da idonki kin ga yadda abin ya kusa.

Injunan da kika tsayar su ci gaba da tsayuwa, amma ki daina ɗora wa fenti. Mai riƙe da wuri tana faɗa wa ma'aikatanta gaskiya. Kafin nan ki je wurin Inna Shatu ku zauna ku biyu, kada ta ji a bakin wani. Matar da ta yi zaman aure da shi ta fi ki sanin hannun da yake riƙe guduma da shi, ba labari za ki kai mata ba. Ki nuna mata cewa injin nan sadaka ce mai gudana ga mijinta, kuma ba kya son a wayi gari wani yana ambaton sunansa cikin kuka.

Sama'ilu kuma kada ki yi gardama da shi. Ki kashe inji, ki sa shi ya tsaya a gabansa, ki ce ya kai hannun dama kan mariƙin. Sannan ku zana gyaran tare: murfi a kan bel, da mariƙin da kowane hannu zai iya kaiwa. Ki gwada shi da mata masu hijabi da maza masu manyan riguna kafin ya bar wurinku. Sunan Ɗan Lawal ya zauna yadda yake, ma'aunan Kawu ma su zauna a bangonsu. Tsofaffin injuna ku bi su gari gari, ranar kasuwa, ku gyara. Ba sai kin ba kowa tarihin gidanku ba. Ki ce kun gano haɗari a wurin bel kun zo gyarawa, wannan gaskiya ce kuma ta isa. Wasu za su yi surutu, ki shirya wa hakan.

Hannun da kike gani a kan mariƙin, ni ina ganin ba zarginki yake ba. Aikin da bai ƙarasa ba yake nuna miki. Ki koma kan kujerarsa ki ƙarasa. Amma tun kafin walda, gobe ki hau babur ki koma Gwiwa, ki ce wa baiwar Allahn nan kada ta sake kunna injin sai kun zo.

Allah ya tsare hannuwan bayinsa, ya sanyaya miki zuciya, ya kai haske kabarin Muhammadu Lawal.

Malama Zubaida