Ƙarshen Guntu

Malanville, ran Talata, bayan girbin shinkafa

Zuwa ga yayata Zuhura, a Kwatano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan zamanki. Allah ya ƙara miki basira a karatun da ya raba mu, ya tsare ki daga zazzaɓin bakin teku, ya dawo mana da ke da kumatunki yadda kika tafi da su. Mu nan kowa lafiya, sai godiya. Baba ya gama kwashe shinkafar fadama, bana kogi bai ci mana ko fangali ɗaya ba. Ƙafar Inna ta yi sauƙi tun da ta rage tsayuwa a kan tukunya. Latifu ya sayi babur na hannu yana kai mutane Garu, kullum sai ya dawo da labarin faɗuwar wani, tasa faɗuwar ce kawai ba ma ji sai a bakin mutane. Matarsa Laila ta saba da gidan, har ta fara yi wa Inna gardama a kan gishiri. Kaka tana nan, idon ya ƙara raguwa, amma kunnen nan nata kin san shi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a bakin buhun shinkafa alhali ga waya. To wayar gidan nan kin san halinta, duk saƙon da ya shigo a tsakar gida Inna ke buɗe shi, da ƙarfi, har maƙwabta su tofa nasu. Maganar da ke cikina ba ta tsakar gida ba ce, shi ya sa na yago takardu daga tsohon littafin rubutuna na lekol, wato makaranta, na roƙi direban motar Kwatano ya danƙa buhun a hannunki. Bari in fara da abin da ba zan iya faɗa miki ido da ido ba: kishinki nake ji, Yaya, kuma ba tun yau ba. Ranar da kika turo hoton ɗakin karatun makarantarku, kina tsaye tsakanin littattafai har rufi, Inna ta zaga gida uku da wayar, har mai kawo mana albasa sai da aka nuna masa. Na ce ma sha Allah da bakina kamar kowa, sannan na shiga ɗaki na jawo akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, na zauna ina kallon abin da kika bar mini. Littattafai goma sha ɗaya, biyu gara ta fara ci, ɗaya ruwan bara ya kumbura shi. Kowanne na karanta shi har na san shafin da yatsanki ya bar tabon manja. Ke kin ci jarrabawar bak kin tafi, ni na faɗi sau biyu na zauna, kuma na san ba ke kika riƙe mini alƙalami ba, amma sanin haka bai hana ƙirjina zafi ba.

Zaman da na yi da su ya sa na gane irin littafin da nake so. Ba na son wanda kowa a cikinsa ke da bene da mota, ba a taɓa jin wani ya ɗora tukunya ba. Na fi son wanda mutane ke jin yunwa a ciki, su yi tafiya har ƙafa ta kumbura, su tsaya su tambayi hanya. Na Faransancin nan da aka ba ki kyauta a makarantar lise, sau uku na karanta shi saboda shafi ɗaya, inda uwar ke wanke tukwane tana tunanin 'ya'yanta. In na kai wurin nakan rufe shi in je in wanke namu, sai in ji aikin bai yi mini nauyi ba.

Zaman tsintar shinkafa yana nan yadda kika bar shi. In an turara an shanya, an kai inji an dawo, bayan azahar mata su shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, kowa da faifanta tana tsince tsakuwa, hannu na aiki kunne na zaune, mai karatu kuma a ɗauke mata faifai a ba ta 'yar kujera. Shekara biyar ke ce a kan kujerar nan, ni ina gefenki wuyana a sunkuye. Da kika tafi aka ba ni ita, ni kaɗai na san daɗin da na ji, don shi ne abu na farko da aka ce Rahina ce za ta yi a gidan nan. Ina karantawa da Hausa, inda matan maƙwabta suka rasa in juya musu da yaren Dendi. Amma ban taɓa rufe littafi ba sai wata ta ambace ki. Gwaggo Salamatu ta ce ke in mugun cikin labari zai yi magana har muryarki kan canja. Laila, da sau biyu kacal ta ji ki, ta ce ni ina gudu kamar an biyo ni. Kaka kuwa tsintarta kawai take ci gaba da yi, kuma wannan ya fi duka ci mini rai.

Sai da aka zo kan littafin nan Guntu abin ya fi ƙarfina. Kin tuna yadda ya samo sunan: ba shi da bango balle a san sunansa, ƙarshensa kuma Gwaggo ta yage ta naɗe soyayyen kifi a tasha tun muna yara, don ita a wurinta duk takardar da ba rubutun Larabci a kanta, ta naɗin kifi ce. Labarin Aminatu 'yar masunta, da ta bi sawun wanta Awal wanda ya bi masu shanu kudu bai dawo ba. Littafin ya tsaya daidai inda ta isa ƙofar wani gida a birni, ta yi sallama, aka ji motsin sakata. Daga nan ke kike ɗorawa da ka, kina cewa kin riga kin karanta kafin a yage. Wan ya buɗe bai gane ta ba, ya kawo mata ruwa a moɗa kamar kowace baƙuwa, ta ga yatsan da ƙugiya ta taɓa tsaga masa, ta yi irin kiran da ubansu ke musu daga cikin jirgi, moɗar ta faɗi. Sai tafiyar gida, da uwar da ta gane takunsa tun yana zaure. Na ɗauka na riƙe shi tsaf, don na ji shi ya fi sau goma. Da na buɗe baki sai ya zame mini. Na manta moɗar, na sa suka gane juna nan take, na kai su gida cikin numfashi uku. Kaka ta ajiye faifanta ta ce ba haka yake ba, a bar shi sai Zuhura ta zo. Ba wanda ya yi mini faɗa. Laila dai ta miƙo mini faifai, na sauka daga kujerar na karɓa.

Ranar ko tuwo ban ci ba. Ran kasuwa na tafi wajen Sa'idu, mutumin Gaya da ke tsallako gada da buhun littattafai ya baje su kusa da rumfunan albasa. Na ba shi farkon labarin, ya ce ya san shi, tsoho ne, zai duba mini. Bayan mako uku ya kawo shi cikakke, da bangonsa da komai. In faɗa miki gaskiya, ba don Kaka na nema ba. So nake in haddace ƙarshen daga tushe, in zo in fi ki. A tsaye na karanta shi, masu ɗaukar buhu na ture ni. Yaya, babu moɗa. Babu yatsa, babu kira. Wani attajiri ne ya buɗe ƙofar, ya gan ta ya aure ta, Awal ya ɓullo a shafin ƙarshe cikin mota ba wanda ya tambaye shi inda ya shiga, uwar kuwa marubucin ya manta da ita sam. Daga nan ban zame ko'ina ba sai tasha, na tambayi Gwaggo yaushe ta yage na farkon. Ta yi dariya tana juya kifi, ta ce ai ranar da Baba ya kawo shi daga Kamba ta tsince shi a kan tabarma, tun ba mu taso daga lekol ba. Ashe ba ki taɓa ganin ƙarshen nan da idonki ba.

Na yi murna, Allah ya yafe mini. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa, ina cewa yau na kama Zuhura. Washegari na nuna musu sabon littafin, na ce ga na gaskiya ya samu, aka mayar mini da kujera. Na karanta a hankali, na canja murya inda ya kamata, ban yi gudu ba ko kaɗan. Na kai ƙarshe na rufe littafin. Laila ta tambaya ko shi ke nan. Gwaggo ta ce mutumin Gaya ya cuce ni, jabu ya kawo mini, yadda ake kwaikwayon atamfa haka ake yi wa littafi. Kaka ta ce a miƙo mata, ta shafa shi, ta kai hanci, ta ce takardar sabuwa ce, in mayar masa da abinsa. Na ce mata wannan shi ne abin da mai littafin ya rubuta da hannunsa. Ta ce to shi mai littafin bai ji labarin da kyau ba. Matan suka fashe da dariya, ni kuwa maganar ta riga ta zo bakina, saura kaɗan in ce Zuhura ce ta ƙirƙira ta yaudare ku shekara biyar, ga Gwaggo nan shaida. Sai na ga Kaka ba ta dariya. Ta juya fuskarta wajen zaure, ta karkata kai yadda take yi in tana sauraron taku.

A nan na tuna ɗan Kaka, Kawu Sa'adu. Shekara goma sha tara da ya bi motar albasa kudu, ba takarda ba saƙo, kuma Inna ta sha faɗa mana cewa ƙanen nan nata yana da yatsan da ƙugiya ta tsaga masa yana yaro. Ni ma na ji zancen yatsan kamar yadda kika ji. Ke kina 'yar shekara goma sha huɗu kika ɗauke shi kika yi wa tsohuwa hanyar da ɗanta zai dawo gida, kika riƙa dawo mata da shi duk girbi, ni ina gefenki ina tsince tsakuwa ban gane komai ba. Wannan ya fi hoton ɗakin karatun nan ƙona mini rai, Yaya. Littattafai har rufi, in Allah ya nufa, ni ma wata rana zan shiga mota in je in gan su. Amma abin da ya sa kika kalli Kaka kika ga abin da take jira, ban san inda ake koyonsa ba, kuma na tabbata ba a lekol kika samo shi ba. Na haɗiye maganata, na ce ƙila dai jabun ne.

To ga abin da ya sa na rubuto. Sau biyu cikin makon nan Kaka ta tambaya ko za a maimaita Guntu kafin ruwa ya sauka. Jikinta ba kamar da ba, tuwon ma loma uku take yi ta ture, kuma ke sai nan da shekara biyu. Ki zauna ki rubuto mini ƙarshen, duka, kada ki tsallake komai: yadda ya riƙe moɗar, kalmomin kiran ɗaya bayan ɗaya, abin da uwar ke yi lokacin da ta ji takun. Ban mayar wa Sa'idu littafinsa ba. Na yage takardu huɗun ƙarshe da hannuna na kai wa Gwaggo, ta naɗe wa wani direba kifi da su a gabana, yanzu Guntu biyu ne a akwatin. In naki ya zo zan sa zare da allura in ɗinke shi a jikin sabon, in ce na gaskiyar ne aka samo. Asirinki yana wurina, ba mai ji.

Baba yana gaishe ki, ya ce ki riƙe salla. Inna ta ce shinkafar ta bana ce, kada ki raba ta duka wa ƙawaye, akwai busasshen kifi a ƙasan buhun. Latifu da Laila suna gaisuwa, Gwaggo Salamatu ta ce ko a Kwatano ana samun kifi mai daɗin nata. Kaka ta sa miki albarka har sau uku, na ƙirga, ni sau ɗaya ta sa mini da na kai mata ruwan alwala. Ki gaishe mini da Kawu Zahiru da iyalinsa in kin leƙa su.

Abu ɗaya na roƙe ki, don Allah: a takarda, ta hannun direban nan. Kada ki yi sauƙi ki turo da murya. In Kaka ta ji shi da muryarki a wayar Inna, ni da kujerar nan har abada. Labarin naki ne, na yarda. Ki bar mini muryar ta zama tawa.

Ƙanwarki mai kishinki, mai kewarki,
Rahina