Kifin da Sani Ya Mayar Ruwa

Daren Laraba, watan Rajab. Bebeji.

Sani ba zai zo ba. Hutun da ya yi mana alkawari ya tafi da shi wani tsibiri a tsakiyar teku, wai kamun kifi na nishaɗi. Ya turo bidiyo yana cikin farin jirgi, ya rungumo kifin da ya kusa kai shi tsayi, yana ta dariya. Sai kuma ya sake shi cikin ruwa.

Na kira shi. Ya ce, "Baba, a nan ba a ci. Hoto ake yi, a mayar da shi gidansa."

Gidansa! Ni da nake tashi daga aji in wuce Tiga kamun kifi, a saman garinmu da ruwan dam ya shanye, don ya yi karatu. Ya san kifi yana da gida.

Uwarsa tun makon jiya take bandar tarwaɗa saboda shi. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Cewa kawai ta yi, "Malam, baƙon namu fa?"

Na ce ba a ba shi hutu ba. Ta dube ni, ta tashi ta janye itacen daga ƙarƙashin bandar.