Hancin Abul Haul

Giza, daren Talata, 2012

Yau mun je ganin Abul Haul, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum. Wani mai raƙumi ya ce wai a zamanin da wani malami ne ya fasa masa hanci don kada a bauta masa, jama'a suka kashe shi. Bashir abokin ɗakina ya ce da Larabci, "Da ma ya ƙarasa shi!"

Sai saukar bulala. Masu raƙuma suka rufe shi da duka da shuri, ina ta ihun "Ma'alish!", wato a yi haƙuri. Ɗayansu ya shaƙe ni, ya ce, "Da dutsen nan 'ya'yanmu ke ci!"

Ga Bashir nan kwance, hanci a karye, yana numfashi ta baki. Shi kuwa gunkin ko gezau.