Ragon Mushe Yohanna

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa daga Bande. Ina gajiya, ya zafin Agadas? Ya Hadiza da yara? Mu nan kowa lafiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ragon layyar Baba ya ɓarke buhun wake ranar jajibiri, ya ci har cikinsa ya kumbura, dole aka yanka shi kafin ya mutu. Ka san Baba. Ya zauna a ƙofar gida ya ƙi cin abinci, wai ragon dai shi ne, wuƙar ma ita ce, amma tunda ba a sauko idi ba, nama ne kawai.

Mushe Yohanna, wato Malam Yohanna, Kiristan nan mai koyarwa a lakwal, makarantar boko, ya zo jaje. Ya ce, "Baba, mu ma muna da irin wannan bambanci. Waɗanda suka gicciye Almasihu gani suke mai laifi suka zartar wa hukunci. Mu kuwa hadaya muke cewa, don shi ya ba da ransa da kansa."

Baba ya ce, "Nan muka rabu, ɗana. A wurinmu ba a kashe Annabi Isa ba."

Mushe ya yi murmushi, ya ce ya sani. Washegari da sassafe sai ga shi janye da ragon da ya ajiye don Nowel, bikinsu na Kirsimeti. Da shi Baba ya yi layya.

Yanzu akwai ɗan rago ɗaure bayan rumbu, Baba ya ce na Mushe ne. Wake kuwa ya koma ɗakin Inna.

Ka gai da Kawu Sale. Ka sa mu a addu'a, har da ɗan ragon, Allah ya kai shi Nowel.

Ƙanwarka,
Rabi