Ɓerayen da Na Kai wa Ishaya

Funtuwa, daren Laraba, Nuwamba 1987

Na dawo daga Zariya da ɓerayena bakwai. Ko ɗaya ɗana Ishaya bai karɓa ba.

Tun da ya rubuto cewa aikinsa a jami'a duba ƙwaƙwalwar ɓera ne, yana neman inda sinadarin kalsiyam ke kama jijiya ya isar da saƙo, na ce ga inda zan sa hannu. Turancin takardunsa ya fi ƙarfin aji ukun da na yi a sakandare, amma ɓera dai ba mai koya mini. Shekara ashirin muna fafatawa a siton masara. Na ɗana tarko, na zaɓi ƙosassu, na sa aka ƙera keji.

Da na yaye buhun da na rufe kejin da shi, abokan aikinsa suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Shi ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da ɗawainiya. Amma namu farare ne, an san iyayensu da kakanninsu. Waɗannan za su sa musu cuta."

Na ce, "Au, namu ne ba su da asali?" Na yi dariya don kada ya ji kunya. Ya raka ni tasha. Bai ce in kwana ba, ni ma ban nuna ina so ba.

Da matata Saratu na raye, da ta hana ni tafiyar nan.

Ɗazu na ɗauki kejin zan tsoma a durom ɗin ruwa, sai na fasa, na watsa musu masara. Ga su nan suna gurgura. Rabon da in ji wani yana cin abinci a gidan nan tun bikin Ista.