Sunan da Na Koya wa Hannuna

Talata, 15 ga Oktoba

Yau aka buɗe yaƙin neman zaɓe, motocin lasifika sun fara tun ƙarfe takwas. Saura kwana goma sha biyu. Ina buga wannan da yatsa ɗaya na hagu a kwamfutar hannu da 'yata Chizuru ta bar min. Ni da na shekara arba'in ina koya wa yaran garin nan rubutun burushi, yau ni ce ke caccakar gilashi kamar kaza. Duk da haka na gode. A watan Afrilu, da ɓarin jikina na dama ya shanye, ko sunana ban iya faɗa ba.

Damuwata ɗaya ce. Ƙuri'a sai an rubuta sunan ɗan takara da fensir. Hannun dama ba ya riƙe fensir, na hagu kuwa tun da can rawa yake yi. Wanda ya kasa, sai ya faɗa wa ma'aikatan zaɓe biyu, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya duba. Ɗaya daga cikin na rumfarmu surukar maƙwabciyata ce, tsohuwar ɗalibata. An ce ba sa faɗa wa kowa. Na yarda. Amma ba zan tsaya gaban yarinyar da na sha bugun hannunta a aji ina raɗa mata zaɓina ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Gidan motsa jikin tsofaffi. Na faɗa wa Ratih damuwata. Ratih 'yar Indonesiya ce, shekararta huɗu tana aiki a gidan, ita ce ta sake koya min riƙe tsinken cin abinci. Ba ta ce min sannu ba, shi ya sa nake sonta. Ta ɗauko fensir, ta naɗe shi da soso har ya yi kaurin karas, ta cusa min tsakanin yatsu.

"Wane suna za mu koya, Malama?"

Na ce Moriwaki. Na sabuwar jam'iyyar nan masu cewa "Namu Tukuna", waɗanda ke son a rage baƙi. Na saci kallon fuskarta. Ta ce, "To, mai wuya kika zaɓa." Ta kama wuyan hannuna muka ja layi na farko.

Ta ce ai ko da haruffan 'yan aji ɗaya na rubuta, masu sauƙin nan da ake fara koya kafin a kai ga cikakku, za a karɓa. Na ce ni? Har abada. Da cikakkun haruffa zan rubuta, ko in fasa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Layi uku, duk a karkace. Hannun na ciwo. Ciwon ma godiya nake yi masa, da ba ya jin komai.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Bari in rubuta dalilina, don kar nan gaba in yi wa kaina ƙarya. An rufe makarantar da na koyar. An janye motar haya ta rana. Gonakin shinkafar da ke ƙasan gidanmu, har da wadda marigayi mijina Isamu ya noma, wani kamfani daga nesa ya shimfiɗa musu allunan sola. Tsohon ɗan majalisarmu kuwa sai dai ɗaga hannu daga cikin mota, da farar safar hannunsa. A watan Yuli Moriwaki ya hawo ƙauyen nan da ƙafa, ya zauna a barandata awa guda, ya jure wa maganata da ke fita a gurguje a lokacin, bai duba agogo ko sau ɗaya ba. Tun rasuwar Isamu ba wanda ya saurare ni haka. Wannan ba na mantawa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ƙanena Shigeharu, da muke ce wa Shige, ya kawo sabuwar shinkafa, ya dafa, ya gyara min ƙofar banɗaki. Shi ke raba wa Moriwaki takardu a yankinmu. Ya manna fasta a katangata bai tambaye ni ba. Na yi masa faɗa don dai kar ya saba. Shinkafar ta yi daɗi.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Chizuru ta zo daga Osaka. Tun daga bakin ƙofa ta ga fastar, ko takalmi ba ta gama cirewa ba aka fara.

"Kawu, kun san ma abin da mutanen nan ke faɗa? Yaudarar tsofaffi kawai suke yi."

Shige ya ce, "Mu ne tsofaffin da ba su da wayo, ko? Ke da kike zuwa sau uku a shekara. Ɗana shekararsa arba'in, har yau aikin wucin gadi yake yi, ko aure ya kasa. Wa ya taɓa maganarsa?"

"To baƙi ne suka hana shi aure?"

Haka suka yi ta yi a kaina, ina tsakiya da kwanon miya. Abin da ya ba ni dariya, a ƙarshe bakinsu ya zo ɗaya. Ita ta ce, "Mama, ki bari ma'aikata su rubuta miki, kar ki wahalar da kanki." Shi ma ya ce, "Gaskiya ne, Yaya, ki faɗa musu kawai." Kowa na lissafin ƙuri'ata tasa ce. Na ce su ci abinci.

Kafin ta tafi ta yanke min farce, ta wanke min kai. Bakinta ne kawai ba shi da linzami, hannunta na uwarta ne.

Litinin, 21 ga Oktoba

Harafin farko ya fito. Siffar bishiya uku gare shi, ma'anarsa kurmi, farkon sunansa ke nan. Da ɗalibi ne ya kawo min da na yage, amma ana iya karantawa.

Mun yi musaya ni da Ratih. A watan Janairu za ta zauna jarrabawar ƙasa ta masu kula da tsofaffi, haruffa na ba ta wuya. Ta nuna min littafinta, na ce wannan ba rubutu ba ne, tururuwa ce ta faɗa tawada. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Yanzu minti ashirin nawa, minti ashirin nata. Na yi kewar yi wa mutum gyara, ashe.

Idan ta ci, za ta samu takardar zama mai ɗorewa, ta ɗauko 'yarta daga wurin kakarta. Yarinyar na da shekara tara. Ta nuna min hoto, haƙoran gaba manya kamar na zomo.

Laraba, 23 ga Oktoba

Shige ya zo ɗaukata da wuri, ya tarar da mu muna shan shayi. Tsoho Harada, wanda ya yi shekaru yana raba mana wasiƙu, ya hango bajen jam'iyya a rigarsa.

"Shige, idan kun kori baƙin, wa zai ɗaga ni daga bahon wanka? Moriwakin naka?"

Aka kwashe da dariya. Shige ya ce ba kora aka ce ba, tsari aka ce. A biya 'ya'yanmu albashin kirki su yi aikin. Harada ya ce, "Waɗanne 'ya'yan? Ka ga yaro a garin nan ka ɓoye mana?" Wata tsohuwa ta ce ita dai Shige ya fi gaskiya, jikarta ta bar wannan aikin ne saboda albashi. Gardama ta yi gardama. Shige ya ɗau zafi, ya ce matsalar ita ce ɗaya ya shigo, gobe ya jawo mata, ya jawo 'ya'ya, kuma Moriwaki ya yi alkawarin rufe wannan ƙofar.

Ratih na durƙushe tana ɗaure min takalmi. Sai a lokacin ya lura da ita.

"Ban da ke, Ratih. Ke ai daban ce, ke tamu ce."

Ta ce, "Na gode, Kawu." Ta ƙarasa ɗaurin, ta ja ta ga ya yi, ta miƙe.

A mota na juya fuskata wajen taga. Shi ma ya kunna rediyo.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ban taɓa fensir ba yau.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na tambaye ta kai tsaye, don ni ba na iya kewaye-kewaye. Na ce ta san abin da mai sunan nan ke faɗa? Ta ce ta sani, ranar Asabar a gaban tashar jirgi ta tsaya ta saurare shi har ƙarshe, don ta gwada kunnenta a yarenmu. Ta ce kusan duka ta gane, wai ta ji daɗin hakan.

Na ce to don me take kama hannuna muna rubuta shi kullum?

"Malama, aikina hannun ne. Abin da zai rubuta kuma naki ne." Sai ta ƙara, "Harafi na biyu ƙafarsa na karkacewa, mu sake."

Muka sake. Yau na rubuta sunan gaba ɗaya ba ta taɓa ni ba, sau biyar. Na biyar ɗin har da ɗan kyau. Ta tafa, ta ɗaga takardar ta zaga da ita tana nuna wa ma'aikata, da sunan Moriwaki ɓaro-ɓaro a kai. Na so in yi murna sosai. Na yi dai.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na kunna turare a gaban hoton Isamu, na nuna masa takardar. Kamar kullum, bai ce komai ba.

Motar Nagase ta wuce da rana, 'yar takarar nan tsohuwar nas da kowa ya ce ba za ta kai labari ba. Lasifikarta ma shaƙewa take yi. Takardarta na cikin tarin da aka jefo a akwatin wasiƙu. Na karanta ne kawai don ba abin yi. Ba ta ce komai a kan gonaki ba, wannan ya ba ni haushi. Ta yi maganar albashin masu kula da tsofaffi, namu da baƙi duka.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Shige ya kai ni, ya riƙe min lema har bakin ƙofa. Tsohuwar ɗalibata ta taso da sauri, "Malama, ko a taimaka?" Na ce a'a, na zo da fensirina. Ta kalli soson, ta ce ba laifi.

Na daɗe a wurin rubutun. Hannun ya san hanya, da na sake shi da kansa zai ja bishiyar farko. Na tsaya ina kallon soson. Ratih ta sake naɗe shi ranar Juma'a da sabon zare, don kar ya zame min yau.

Sunan da na rubuta, na tsohuwar nas ɗin nan, ban taɓa gwada shi ba ko sau ɗaya. Cikakkun haruffansa sun fi ƙarfina, sai na yi shi da na 'yan aji ɗaya, guda uku, kowanne na kallon gabansa. Tun da nake ban taɓa barin rubutu mai muni haka ya fita daga hannuna ba. Takarda ta biyu, ta sunan jam'iyya, hannun ya riga ya gaji, na jefa ta ba komai a kai.

Ba don kowa na yi ba. Mutumin ya cika ɗaga murya ne kwanan nan, shi ke nan. Kuma har yanzu ina gode masa da zaman barandar.

A mota Shige ya ce, "Yaya, ya fito da kyau?" Na ce da hannuna na rubuta. Ya yi ta murna har ya tsaya ya saya min gasasshen dankali. Na ci rabi, na ba shi rabi.

Gobe Litinin. Na ware wa Ratih haruffa ashirin, kuma ba zan raga mata ba. Janairu ba nisa.